Farfaɗo da tsohuwar Mazda MX-5: ta ina ake farawa, bodi ko inji?

Nazifi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu baje wannan magana a faifai, domin kullum sama-sama ake taɓa ta a wuce. A ɗauka mutum ya sami Mazda MX-5 ƙirar farko, mai fitilun nan masu ɗagowa, wadda aka yi tsakanin 1989 da 1997. Tana tashi, tana tafiya, amma ta haura shekara 25 kuma babu takardar da ke nuna aikin da aka taɓa yi mata. Yana so ya dawo da ita hayyacinta, sannan ya ƙara mata abin da ransa ke so: wili mai faɗi, a sauke ta ƙasa kaɗan, wataƙila turbo (na'urar cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) daga baya. Ni a ganina inji ne farko, don sai mota tana tafiya lafiya ake gane sauran ciwonta. Oga Lawal, na san ba za ka yarda ba. Bismillah.

Oga Lawal:
Wa alaikumus salam. Ban yarda ba kuwa, Nazifi. Injin wannan mota ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu. Bodi kuwa shi ne motar kanta, domin ba ta da shasi daban da aka ɗora ta a kai, kuma ba ta da rufin ƙarfe. Ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan suka ruɓe, duk abin da ka kashe a inji ka zuba ruwa a kwando.

Wurin da tsatsa ke fara ci sananne ne: ƙarshen wannan ƙarfe, daidai gaban tayar baya. Ruwan da ya sauka a kan rufin tamfol yana bin wata kwata ta roba, ya gangara ta bututu biyu da ke bayan kujeru, ɗaya hagu ɗaya dama, ya fita ta ƙarƙashin mota. Ganye da ƙura su toshe bututun, ruwa ya cika ya malala cikin bodi ya kwanta. Shi ya sa tsatsar daga ciki take fitowa. In ka ga fenti ya yi ɗan ƙurji kamar ƙwayar wake a waje, to a ciki ɓarnar ta kai tafin hannu ko ta fi.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Zuba ruwa rabin lita a bakin kowane bututu, ka leƙa ƙasa. In bai zubo nan take ba, a toshe yake. A buɗe shi da dogon buroshi mai lanƙwasa, kada a soka sandar ƙarfe ta huda shi. Sannan a duba ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da ke gefen da ake sa jak, sau da yawa jak ne ke matse su su rufe. Daga nan sai bakin maragar tayar baya, da ƙasan but kusa da batir (batirin wannan mota a but yake), da ƙarƙashin kafet.

Hajiya Rabi:
Ƙari a kan maganar Oga Lawal: mota mai sabon fenti ta fi buƙatar bincike. A naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi ƙasan bodi da shi, inda ya saki akwai bodi fila. Sai dai kada a gwada a bonet a ce an kama wani, bonet ɗinta na alminiyam ne tun daga kamfani. Mai na'urar auna kaurin fenti ya fi samun gaskiya: fentin kamfani yana kaiwa mikiron 100 zuwa 150 (mikiron 1000 ne milimita ɗaya), in ka ga 300 an sake fesawa, in ya doshi 1000 fila ce a ƙasa.

Nazifi:
Na karɓa, Hajiya. To an sami ruɓa. Me zai hana a kankare, a shafa maganin tsatsa, a rufe, a ci gaba da sauran aiki?

Oga Lawal:
Abin da zai hana shi ne, maganin tsatsa yana aiki ne a ƙarfen da tsatsa ta hau bisansa amma yana da sauran kauri. Wanda ya huje ko ya zama kamar ɓawon itace, yanka kawai. Kuma wurin ba hawa ɗaya ba ne, akwai fatar waje, akwai ƙarfen ƙarfafawa a ciki. Mai gaggawa yakan liƙa faci a waje ya bar na ciki a ruɓe, shekara biyu ƙurjin ya dawo.

Yadda ake yi: a cire kan batir, a ɗage kafet da wayoyin da ke bin wurin, a tuna tankin mai yana bayan kujeru, don haka a ajiye abin kashe gobara kusa. A ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu daidai wa daida, a auna tazarar ƙofa kafin a yanka komai. In yankan zai yi yawa, a walda sanda a bakin ƙofa ta riƙe bodi, kuma gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. A yanka har sai an kai ƙarfe mai haske, a ƙara santimita 2. Facin waje ya zama kaurinsa ɗaya da na asali, wajen milimita 0.8 zuwa 1, na ciki kuma a auna wanda aka cire a sa irinsa. Walda ta MIG (mai waya da gas) da waya milimita 0.6, baki da baki, ɗigo-ɗigo: ɗigo nan, tsallaka can, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. Wanda ya ja dogon layi a siririn ƙarfe zai lanƙwasa shi, sai ya koma cika fila don ya ɓoye. Inda ƙarfe zai hau kan ƙarfe a fesa firama mai zink kafin walda. Bayan an gama, a fesa kakin hana tsatsa cikin ramin ta doguwar tiyo har ya ɗigo ta ramukan ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali bayan walda ƙarfen ciki tsirara yake, zafi ya ƙone duk abin da ke kare shi.

Injiniya Bashir:
Oga Lawal, gaskiyarka ce a kan tsari, amma bari in tsaya wa Nazifi a abu ɗaya. Kafin a kira mai walda, a ba inji awa ɗaya ta bincike, don a san ko motar ta cancanci wahalar baki ɗaya. Bincike ne kawai, gyaran ya jira.

Inji na da zafi, a cire fulogi huɗun, a kashe mai da wuta, a taka totur har ƙasa, a auna matsin kowace silinda. Abin dubawa shi ne daidaito, kada bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin tof, wato kan injin da ke rufe silinda.

Na biyu, ga mai injin lita 1.6 na farko, daga 1989 zuwa tsakiyar 1991: a kalli fulin karanshaf inji yana silo. In yana rawa, akwai magana. Waɗannan injina hancin karanshaf ɗinsu gajere ne, notinsa ƙarami. In aka taɓa canza taimin bel ba a ɗaure notin daidai ba, ɗan ƙarfen da ke kulle haƙoran taimin a jikin karanshaf yakan ci raminsa ya faɗaɗa shi. Taimin ya dinga zamewa baya, mota ta mutu a ƙasa, sai ta yi nauyin tashi kamar an ɗaure ta. Ana gane su da tsagar da ke fuskar fuli: tsaga 4 gajeren hanci, tsaga 8 wanda aka gyara. In cin bai yi nisa ba, ana wanke ramin tas, a sa sabon ɗan ƙarfe da sabon noti, a cike gurbin da gam ɗin Loctite 660, a bar shi ya kwana. Ɗauri 108 zuwa 118 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) ga gajeren, 157 zuwa 167 ga babban, da sifana mai auna ƙarfi. Ba a yin wannan da ƙiyasin hannu.

Nazifi:
Injiniya, ƙarar nan ta tak-tak-tak da suke yi da safe fa? Mutane da yawa suna gudun mota saboda ita.

Injiniya Bashir:
Yawanci ba abin tsoro ba ce. Ƙirar farko tana da tafet masu cika kansu da baƙin mai, in mai ya tsufa ko ya tsiyaye cikin dare sai su yi ƙara na ɗan lokaci. Sabon mai da fita mai kyau sukan kashe ta. Wadda ake tsoro ita ce ƙara mai nauyi daga ƙasa, mai ƙaruwa in an taka, wannan metal ne, wato beyarin karanshaf.

Tunda an shigo inji, ga abin da ake yi wa motar da ba a san tarihinta ba, a zama ɗaya, domin duk hanya ɗaya ake bi a kai gare su. Taimin bel, wanda wa'adinsa kusan kilomita 100,000 ne, tare da boris ɗinsa biyu, da sifirin ɗin tanshina, da famfon ruwa, da sil na kamshaf biyu da na gaban karanshaf. Sauƙin wannan inji shi ne ko bel ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, amma tsayawa a hanya ma wahala ce. In an jera alamomi, a ƙirga haƙoran bel tsakanin alamomin saman kam biyu, 19 ake nema. A juya inji da hannu zagaye biyu a sake dubawa kafin a rufe. Murfin tof kuma notinsa 5 zuwa 9 Nm kawai yake so, da ɗigon gam a kusurwoyin da gasket ke lanƙwasa. In ka ga mai a ramin fulogi, wannan gasket ɗin ne.

Sai ruwa, wanda shi ke kashe waɗannan injina. Saman lagireto roba ce baƙa, in ta koma ruwan ƙasa ko kore-kore ta gasu, kowane lokaci tana iya tsagewa. A canza ta, da tamostat, da murfi, da duk tiyo har ƙananan da ke ƙarƙashin manifol. A bayan tof akwai na'urar da ke gaya wa birenbos (kwamfutar inji) matsayin kam, tana da zoben roba guda. In ya bushe, mai ya dinga ɗiga. A injin 1.8 ɗigon yana sauka ne daidai kan tiyon hita, ya jiƙa shi ya kumbura har ya fashe. Zobe ɗaya ne, amma yana iya cin gasket ɗin tof, domin in tiyon ya fashe ruwa zai zube inji ya yi zafi. A sa alama kafin a cire na'urar, domin da ita ake saita wuta: a haɗa ramukan da aka rubuta wa TEN da GND a ɗan akwatin gwaji, a haska fitilar taimin, digiri 10 kafin fistin ya kai ƙoli, silo wajen zagaye 850 a minti.

Gargaɗi ga masu 1.6: a kan na'urar auna iska akwai sukurori biyu a gefen soket. Kada a kwance su. Wayar ƙarfe ce ke riƙe soket ɗin, ita ake ɗagawa. Wanda ya kwance sukurorin ya ja, ya tsinke haɗin ciki.

Ɗanjuma:
Duk na ji, kuma babu wanda zai musa. Amma mu faɗi gaskiya, doki 115 a 1.6, ko 130 da 'yan kai a 1.8, bai isa ba a yau. Wannan inji ɗan gidan Mazda 323 mai turbo ne, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe, yana da bututun fesa wa fistin mai daga ƙasa. An gina shi don ya ɗauki matsi. Tunda za a buɗe gaba a canza bel da lagireto, me zai sa a yi aiki sau biyu? A sa turbo a lokacin.

Malam Habu:
Ɗanjuma, ƙanena, ka tsallake ƙafa da birki, kuma a nan daɗin wannan mota yake. Nauyinta wajen tan ɗaya ne kawai a ƙirar farko. Ƙarfi a kan tsohuwar taya da mataccen shokozoba hatsari kawai yake ƙarawa.

A fara da taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya su ne sati da shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Ta haura shekara shida, a cire ko da zanenta bai cinye ba. Wilin asali inci 14 ne, faɗi 5.5, ofset 45 (tazarar mazaunin wili daga tsakiyar faɗinsa, a milimita), noti huɗu a kan da'irar milimita 100, ramin tsakiya milimita 54.1, taya 185/60. Canjin da ba ya jawo rigima shi ne 15x7 ofset 35 da taya 195/50. Tsayin tayar kusan ɗaya ne, milimita 576 maimakon 578, don haka gejin gudu ba zai yi ƙarya ba. Bakin wilin zai fito waje da milimita 29, ya shiga ciki da 9. In aka je 15x8, sai an naɗe leɓen maraga, in ba haka ba ya yanki taya. Kuma a auna nauyin wili kafin kyansa. Wili mai nauyi na inci 17 yana kashe wa motar nan tashi, ya sa ƙafa ta dinga tsalle.

Birki: man DOT 4 sabo duk shekara biyu, a canza tiyon roba, a wanke fil ɗin kalifa a sa musu giris na birki. Kalifar baya ba a matse fistin ɗinta da ƙarfi. Akwai noti mai lamba 14 a bayanta, ƙarƙashinsa sukuru na alanki 4, da shi ake mayar da fistin. Bayan sa sabon fad a juya har ya kama faranti, a dawo baya sulusin zagaye. Wanda ya tilasta shi zai cinye haƙoransa, birkin hannu ya daina kamawa. Mai 1.6 da ke son ƙari, farantin 1.8 ya fi girma, milimita 255 a gaba maimakon 235, 251 a baya maimakon 231. Ana buƙatar faranti da mariƙin kalifa da fad na 1.8, sannan a gwada ko wili zai shige.

Ɗanjuma:
Malam Habu, ban ƙi ba. Amma a bushin sai a sa na roba mai tauri, folyuritan, a huta. Kuma a sauke ta sosai, ta fi kama hanya.

Malam Habu:
A duka biyun ina da ja. Bushin na asali ba ya juyawa a kan noti, murɗewa yake a cikin kansa, shi ya sa ba ya neman giris har ya mutu. Sharaɗinsa ɗaya: a yi ɗaurin ƙarshe mota tana tsaye da nauyinta. In aka ɗaure ƙafa tana lilo a sama, za a sauke ta bushin yana murɗe, ya yage da wuri. Folyuritan kuwa zamewa yake, yana son giris a kai a kai, in ya bushe sai ƙara da cijewa, ƙafa ta daina motsi yadda ya kamata. Ga motar titi, roba ta fi. Kuma a shirya wa notocin alaimen, sukan manne da ƙarfen cikin bushin saboda tsatsa har sai an yanka, don haka a sayi sababbi tun kafin a fara.

Saukewa kuma, shokozoban baya na ƙirar farko tafiyarsa gajera ce. Ka sa gajeren sifirin a kan tsohon shoka, motar ta zauna a kan robar tsayawa, kowane rami ya wurgar da bayanta. Santimita 2 zuwa 3 ya isa, da shoka da sifirin da aka yi su tare. Wasu suna sa hular shoka ta ƙirar biyu, wadda ta fito 1998, don ta ƙara tafiya. Bayan nan alaimen: kamba, wato karkatar saman taya, digiri 1 zuwa 1.5 a ciki, gaba a miƙe, baya ta tsuke da milimita 1 zuwa 2 gaba ɗaya.

Injiniya Bashir:
Ɗanjuma, ban ƙi turbo ba, lokacinsa nake ja. A bar inji ya yi 'yan dubban kilomita bayan gyara, a ga ba ya shan mai, ba ya zafi. In aka haɗa komai rana ɗaya sannan ya fara gardama, ba za a san daga ina take ba.

In lokaci ya yi, birenbos ne farko, wanda ake iya saitawa, irin Megasquirt, tare da na'urar auna cakuɗar mai da iska a salansa. A koyi saita shi tun babu turbo, lokacin da kuskure ba ya fasa fistin. Sannan manyan nozul, da kuloci mai ƙarfi, da abin sanyaya iska. Ƙarƙashin matsi ana neman cakuɗar iska kashi 11.5 zuwa 12 ga mai kashi ɗaya, a ja wuta baya, a sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya, a rage bakinsa zuwa milimita 0.7 ko 0.8. Bututun da ke mayar da mai daga turbo ya zama mai faɗi, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga tukunyar mai sama da inda mai ke tsayawa. In ba haka ba mai ya taru a turbo ya fita ta salansa, a zaci turbon ne ya lalace.

Iyaka kuma: kwanrod na asali sukan lanƙwashe in an doshi doki 250 da aka auna a taya, giyabos mai giya biyar ma a wajen nan yake gajiya. Aksul ɗin baya na 1.6 ya fi su rauni, haƙorinsa inci 6 ne, yana fashewa tun kafin a kai can. Na 1.8 inci 7 ne, kuma ana samun mai Torsen, wanda ke hana taya ɗaya juyawa a banza. In za a canza, abu uku ake ɗaukowa tare: aksul ɗin, da farfela, da shaf biyu na ƙafa. Sai zafi. An tsara injin ne don ya kwanta a gicciye, da aka miƙar da shi a wannan mota ruwa ya koma shiga ta gaba ya fita ta gaba, silinda ta huɗu ta fi sauran zafi. Mai turbo ya mayar da tamostat bayan tof, ruwa ya ratsa injin duka.

Hajiya Rabi:
Fenti ya zo bayan an gama kwance-kwance da gwada wili da naɗe maraga. Ƙarfen da aka yi wa walda a rufe shi da firamar ifoksi a ranar, ta riƙe shi har lokacin fesawa. Fila kada ta wuce milimita 3. Samfefa 80 don siffa, 180 don gyara, 320 kafin firamar cikawa, 500 zuwa 600 kafin launi. Wanda ya tsallake mataki zai ga zanen samfefa ya fito bayan wata biyu in fenti ya zauna. Fenti mai hadina (sinadarin da ke taurara shi) yana da guba mai lalata huhu, takunkumin ƙura ba ya tare ta, sai mai kawo iska daga waje.

Roƙona ga masu ƙawata mota: duk abin da aka cire a ajiye shi da notinsa a leda mai suna, kuma kada a yanka wayar asali, a yi amfani da soket mai haɗawa. Ƙirar farko tana ƙara wuyar samu, mai ita na gaba zai so ya mayar. Canjin inji ko salansa kuma a duba dokar ƙasar da ake, a sanar da kamfanin inshora.

Nazifi:
Na gode, manya. Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba: sandar giya tana zafi, hayaniya na shigowa ta wurin, kuma giya na wuyar shiga.

Injiniya Bashir:
Robobi biyu ne a ƙarƙashin kwalliyar tsakiya, babba a jikin bodi, ƙarama a kan giyabos, kusan kullum a yage ake samunsu. A canza su da ɗan kofin roba na ƙasan sandar, a zuƙe tsohon man da ke ramin sandar a zuba sabo wajen mililita 90. Giyabos lita 2 na man giya 75W-90 GL-4, aksul kuma GL-5. A fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi. In har yanzu giya na cijewa kuma kuloci yana kamawa a ƙasa sosai, a ja robar ƙaramin famfon kuloci da ke gefen giyabos. In mai ya zubo, a canza shi tare da na sama da tiyon da ke tsakaninsu, a fitar da iska.